Waisake Mai Kwarfar Teku

Tun ranar da labari ya iso birnin Suva cewa Bubu Salanieta, wato Kaka Salanieta, za ta taso daga tsibirin Kadavu ta zo ta faɗi wanda za ta ba jirgin marigayi mijinta, Waisake ya daina tafiya irin ta mutane. Ya koma buɗa ƙafafu yana rangaji, wai haka matuƙan jirgi ke tafiya in sun sauko tudu. Jirgin ba wani babba ba ne, kwalekwale ne mai inji a baya, mutum shida yake ɗauka in sun matsu. Amma a gidan Waisake ya wuce abin wasa. Matarsa Unaisi, 'yar Bubun, shekara goma sha biyar ke nan tana sayar da kifi a kasuwar Suva. Kullum sai ta yi sammako ta sara a hannun masu jirage, su zaɓe na kirki su bar mata ragowa, su haɗa mata da baƙar magana. In jirgin nan ya zo hannunsu, ta rabu da wannan wulaƙanci. Ita abin da take hange ke nan. Shi kuwa abin da yake hange farar hula ce a kansa da mutane suna kiransa kyaftin.

Matsalar guda ce. Waisake mutumin kan dutse ne, haifaffen can cikin tsaunukan Naitasiri, inda babban ruwan da aka sani shi ne rafin da ake wanke gwaza. Sai da ya fara aske gemu ya taɓa ganin teku, kuma aikinsa gadin wani kantin yadi ne a tsakiyar gari, inda ko ƙanshin gishiri ba ya kaiwa. Sai dai in ya buɗe baki a kan teku, ka rantse a cikinta aka yanke masa cibiya.

Abokin takararsa shi ne Nemani, ƙanin Unaisi. Tavale suke ce wa juna, kuma tsakanin tavale da tavale babu kunya, babu tausayi, kowa ya samu ɗan'uwansa ya kwance masa zane a kasuwa. Nemani ɗan tsibiri ne na gaske, amma uwar ba ta sake yarda da shi ba tun da ya sayar da komar babansu ya sayi jita.

Ranar Litinin da safe Waisake ya ajiye kofin shayi ya yi gyaran murya.

"Maman Sera, na gama tunani. Asabar ɗin nan zan yi wa Bubu lovo a wurin shaƙatawa na bakin teku, can Nasese. Zan haƙa rami, in gasa duwatsu, in binne kaji da kifi da gwaza, tana zaune tana kallon teku tana kallona. Ta ga mutum da teku sun saba."

Unaisi ta ce, "Me ya sami bayan gidanmu? Ga rami nan tun na Kirsimeti."

"Bayan gida? Mai neman jirgi ne zai yi girki kusa da kejin kaji? Ke dai sayo kaji goma ki bar mini sauran."

"Asabar ɗin nan da rana ruwa yana..."

"Na je na duba! Asabar ɗin da ta wuce tun sha ɗaya nake wurin har uku, da idona na ga komai. Ni fa ba na aiki da ka."

Unaisi ta buɗe baki, ta dube shi, ta mayar ta rufe. Shekara goma sha takwas suna tare, ta san in hancinsa ya buɗe haka, kunnensa ya toshe.

Asabar tun ƙarfe bakwai a-kori-kura ta sauke su a ƙofar wurin. Direban bai daina mita ba tun daga gida, saboda Waisake ya ce duwatsun Suva ba su da zuciya, sai da ya sa aka kawo masa buhu huɗu na baƙaƙen duwatsun rafin ƙauyensu.

"Malam, gida za ka gina ko abinci za ka dafa?" in ji direban, yana leƙa tayarsa ta baya da ta lotsa.

"In ka ji ƙanshi anjima, kar ka dawo roƙo."

Wurin ya fara cika. Masu gudun rage tumbi suna zagaye, wasu tsofaffin mata Indiyawa suna tafiya a jere suna gulma, can ƙarƙashin bishiya 'yan mawaƙan wani coci suna gwada murya. Waisake ya zaɓi tsakiyar ciyawa, inda ta fi kore, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kafa shebur. Bai ɗaga ƙasar farko ba ya ji usur a bayansa.

Satendra ne, mai gadin wurin, wani siriri mai furfura da ya ɗauki ciyawar nan tamkar gashin kansa.

"Kai! Kai! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Lovo zan yi."

"A kan ciyawata? Ka san wata nawa na yi ina ba ta ruwa? Ga allo can, karanta. Ba haƙa, ba wuta."

"Ɗan'uwa, ni ma mai gadi ne."

"To ka san aikin ke nan. In na zo kantinku na hura wuta a kan yadi, za ka bar ni?"

Masu gudu sun fara rage sauri suna kallo. Waisake ya zare shebur ya yi wata dariya ta manya.

"Gwada ka nake yi, kuma ka ci. Wa ya ce maka a nan zan haƙa? Mu mutanen teku a kan yashi muke lovo." Ya nuna bayan katangar da ta raba wurin da teku. Ruwa ya janye can nesa, ya bar fili fetal na yashi da laka, sai ƙananan kaguwa ke ta kai da kawowa. "Can ma naka ne?"

Satendra ya dubi filin, ya dubi agogonsa, ya dubi Unaisi. Unaisi ta dubi sama.

"A'a," in ji shi. "Daga katanga zuwa can ba hurumina ba ne. Yana da mai shi, kuma da kansa yake zuwa duba kayansa."

"In ya zo ka turo mini shi."

Waisake bai tsaya gindin katanga ba, wai kada hayaƙi ya dami Bubu. Sai da ya yi taku arba'in cikin filin, inda kowa zai gan shi da kyau, sannan ya fara haƙa. Buhunan duwatsu ya yi ta jido su ɗaya bayan ɗaya, laka tana cire masa silifa, har ya haƙura ya bar mata. Rami bai kai gwiwa ba ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa.

Unaisi ta ce daga kan katanga, "Baban Sera, ramin naka yana gumi."

"Alamar ƙasa mai albarka ke nan."

Ya samo wani tsohon kwanon rufi ya shimfiɗa a ciki, ya jera itace, ya ɗora duwatsu. Ashana bakwai iska ta kashe. Ta takwas sai da ya tuttula kananzir, wuta ta tashi bal ta lashe masa gira ɗaya. Iskar teku kuwa ta kwashi hayaƙin ta kai shi daidai ƙarƙashin bishiyar 'yan mawaƙa. Suna tsakiyar jan wata doguwar murya suka ɓarke da tari, shugabarsu ta tako har bakin katanga da littafinta a hannu.

"Bawan Allah, mu yabon Ubangiji muke yi, kai kana nuna mana wuta tun a duniya?"

"Ku yi haƙuri Mama, za a aiko muku da cinya."

Wajen tara da rabi wasu mata uku da suka fita tsintar ƙumba tun da asuba suka biyo ta wajensa, kwanduna cike, suna sauri. Babbarsu ta tsaya ta dafa ƙugu.

"Ɗana, yaushe za ka buɗe wannan?"

"Ƙarfe ɗaya daidai."

"Na yau?"

"Na yau mana."

Ta dubi 'yan'uwanta. Ɗaya ta toshe baki da gefen zane.

"Daga ina kake, ɗana?"

"Naitasiri."

"Af, to. Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Suka wuce, kafaɗunsu na rawa.

Waisake ya ji daɗi, ya ɗauka sunan garinsu ne ya yi musu kwarjini.

Ƙarfe goma da rabi dangi suka iso, bas guda cur. Duk mutanen Kadavu ne, waɗanda tun suna goye suke jin motsin teku. Aka shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa dab da katanga, aka zaunar da Bubu Salanieta a tsakiya, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi da lema baƙa. Tana zama ta dubi teku, ta dubi hayaƙin da ke tashi a tsakiyar fili, ta dubi 'yarta. Duk dangin ma kallon nan suka yi, kuma duk suka yi shiru, don baƙo ba ya gyara wa mai masauki girki. Nemani kaɗai ya sauke jitarsa yana murmushi har kunne.

"Tavale! Ashe kai ne a can? Na ɗauka jirgi ne ya kama da wuta. Ina girarka ɗaya?"

"Tana inda komar babanku take."

Aka yi dariya, Waisake ya ƙara kumbura. A gabansu ya kwashe garwashi, ya baje jajayen duwatsu, ya jera gwaza da rogo a ƙasa. Ya ɗora kaji goma da Unaisi ta saƙa wa rigar ganyen kwakwa, da manyan kifaye huɗu, da ƙunshin ganyen gwaza mai madarar kwakwa. Ya lulluɓe da ganyen ayaba, ya rufa buhuna, ya tara yashi a kai har ya yi tudu. Gaskiya a faɗe ta, a nan babu mai kushe shi, don mutanen kan dutse sun iya lovo. Da a bayan gida ya yi shi, da yau wani labari ake ba ku.

Ya hauro ya ɗaura sabon zanensa, aka dama yangona, abin shansu na garin saiwa, a babban akushi, aka yi tafi, aka miƙa wa manya ƙoƙo. Da aka zo kansa ya shanye, ya goge baki, ya juya wajen matarsa. Suruki ba ya yi wa surukarsa magana kai tsaye, don haka duk abin da yake so Bubu ta ji, Unaisi yake gaya wa, da muryar da za a ji a tashar jirage.

"Maman Sera, ki sani, a garinmu lovo yana da doka. Wanda ya rufe shi ne ke buɗewa, kuma ba a buɗewa sai lokaci ya cika. Na ce ƙarfe ɗaya, to ƙarfe ɗaya ne. Namijin da ya buɗe raminsa kafin lokaci, ko matuƙi bai cancanci a ba shi ya riƙe ba, balle jirgi."

"Baban Sera, da dai ka..."

"Ko sama za ta faɗo!"

Nemani ya yi tafi uku. "Kun ji da kunnenku. Ko sama za ta faɗo. Tavale, in ƙasa ce ta taso fa?"

"Kai dai kaɗa jitarka."

Bubu Salanieta ta gyara riƙon lemarta ta ce wa iska, "Mun ji."

Sha ɗaya da kwata, Waisake yana tsakiyar ba wani kawun Unaisi labarin yadda ake gane hadari daga warin iska, ya lura ba wanda ke kallonsa. Duk idanu suna bayansa. Ya waiwaya. Filin nan da ya bari fetal ya ragu da rabi. Wani siririn ruwa mai kumfa yana tahowa a hankali, ya matso ya ja baya, ya sake matsowa fiye da da.

Gabansa ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Wannan ba komai ba ne. Wancan babban jirgin ne ya turo shi da zai shiga tasha. Yanzu zai koma."

"Ƙwarai," in ji Nemani. "Zai koma. Wajen ƙarfe bakwai na yamma."

"Ƙarya kake! Asabar ɗin da ta wuce har ƙarfe uku nan wurin a bushe yake ƙayau. Ruwa da safe yake fita, da yamma yake dawowa, kowa ya san wannan."

Kawun ya ƙware da yangona. Wata gwaggo ta kifa kai a cinyar ta kusa da ita.

Nemani ya share hawaye. "Wayyo cikina! Tavale, ka ɗauka teku ma'aikaciyar gwamnati ce? Da watan sama take tafiya, kullum sai ta ƙara jinkirin kusan awa guda. Inda ta bushe wancan mako, nan take cika wannan mako. Yaya, ba ki gaya masa ba?"

Unaisi ta ce, "Ya je ya duba da idonsa."

Waisake ya dubi agogo. Saura awa ɗaya da minti arba'in. Ya dubi tudunsa, ya dubi Bubu, wadda ta zuba wa teku ido kamar tana jiran wata tsohuwar ƙawa. In ya buɗe yanzu, kaji ɗanye ne, kuma da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci. Ya miƙe ya naɗe zane.

"Dama na san da haka. Akwai dabarar da muke yi."

Ya dira ya ɗauki shebur ya fara gina ganuwar yashi kewaye da tudun. Ya yi aiki, ba a hana shi ba. Gumi ya wanke shi, ganuwa ta kai gwiwa, ya tsaya a ciki ya riƙe ƙugu yana haki. Ruwa ya iso, ya shinshina ganuwar, ya zagaye ta ta kowane gefe, sannan ya fara ɓullowa ta ƙarƙashin ƙafafunsa.

"A miƙo mini wani abu!"

Nemani ya wurga masa wata jarkar roba da aka yanke wa kai, wadda aka zo da ita don wanke hannu. Waisake ya cafe ya shiga kwarfa. Ya ɗiba daga cikin ganuwa ya watsa waje, teku ta karɓa ta dawo masa da shi ta ƙasa. Ya ɗiba, ta dawo. Ya ƙara sauri, ita ko a jikinta.

Kafin sha biyu katanga ta cika da mutane. Masu gudu sun fasa gudu, 'yan mawaƙa sun rufe littattafai, Satendra ya jawo kujerarsa ya zauna a gaba. Sai ga ayarin masu yawon buɗe ido daga babban jirgin da Waisake ya ɗora wa laifi, jajur da su, kowa da abin ɗaukar hoto. Wata doguwa mai faffaɗar hula ta tambayi Nemani me ake yi.

"Al'ada ce ta mutanen kan dutse," in ji Nemani, fuskarsa ba alamar wasa. "Sau ɗaya a shekara suke zaɓen jarumi ya sauko ya mayar da teku inda ta fito."

"Yana yin nasara?"

"Bana muna sa rai."

Suka yi ta ɗauka suna tafi. Waisake ya ji tafi, ya ɗaga musu jarka.

"Tavale, ɓangaren hagu!" Nemani ya ƙwala. "Ka bar wani ya shigo ta hagu!"

"In kai namiji ne sauko!"

"Ni? Wanda ya rufe shi ne ke buɗewa. Doka ce."

"Baban Sera," Unaisi ta kira, kuma yanzu babu wasa a muryarta, "buɗe ka kwaso abincin nan. A ƙarasa shi a gida."

"Saura minti hamsin!"

Sha biyu da kwata ganuwa ta rushe gaba ɗaya. Ruwa ya rufe masa ƙwauri ya fara cin gindin tudun. Waisake ya rasa abin yi, sai ya haye kan tudun ya zauna daram, ya buɗa hannuwa ya danne buhunan, wai kada su tashi. A daidai lokacin ruwan sanyi ya sami hanyar shiga wajen duwatsun Naitasiri masu zuciya.

Da farko wani huci aka ji. Sai tudun ya yi gurnani. Sai farin tururi ya fashe ta kowace kafa, mafi yawansa ta inda Waisake ke zaune. Ihun da ya yi, har masu gadin tashar jirage sun ce sun ji. Ya yi sama, ya faɗo ruwa ta baya, ya tashi yana dafe da mazaunai yana tsalle. Zanen nan sabo ya kwance ya bi ruwa abinsa, ya bar shi da gajeren wando mai hoton abarba.

Shugabar mawaƙa ta rufe ido da littafi, ta leƙo ta gefe.

Tudu ya buɗe. Ganyen ayaba ya taso, buhuna suka taso, sai ga kaji suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya cikin rigunansu na ganyen kwakwa, suna lilo a kan ruwa, sun kama hanya a jere.

Nemani ya sa hannu a goshi. "Jama'a, ga jiragen kyaftin sun tashi! Guda goma!"

Waisake ya bi su. Taku uku ya yi ya faɗa ramin da ya kwashi yashin ganuwa, laka ta riƙe shi har cinya. Ya ja dama, hagu ta nutse. Ruwa ya kai masa ƙugu, wata 'yar igiya ta mare shi a ƙirji, ya haɗiyi gishiri. A nan fa kyaftin ya tuna bai iya iyo ba.

"Maman Sera! Unaisi! Zan mutu! Ki gaya wa Sera ina sonta!"

"Miƙe tsaye, ruwan iya cibiya ne!" in ji Satendra.

"Cibiyar wa?"

Unaisi ba ta yi gaggawa ba. Ta cire 'yan kunnenta ta ba gwaggo, ta ɗaure zane a ƙugu, ta ɗauki babbar tabarma guda ta sauka. Ba ta nufi mijinta ba, ba ta kuma bi kajin ba. Ta tsaya ta dubi yadda ganyen ayaba ke tafiya, sannan ta yanka can gefen dama, wajen da katanga ta yi lanƙwasa, inda babu komai. Mutane suka fara cewa ina za ta. Ta buɗe tabarmar a cikin ruwa ta tsaya. Ba a yi minti biyu ba ruwa ya juyo da kajin ya kawo mata su har hannu, ɗaya bayan ɗaya, da kifi uku, da zanen mijinta a ƙarshe. Ta naɗe tabarma ta miƙa wa na kan katanga.

Sannan ta je wajen Waisake.

"Daina harbe-harbe. Kwanta ta baya."

"In kwanta? A cikin teku?"

"Kwanta na ce!"

Ya kwanta. Ta kama shi ta hammata ta murɗa, laka ta sake shi da wata ƙara mara daɗin ji, ta jawo shi har gindin katanga. Duk wannan abu jarkar tana hannunsa, bai sake ta ba.

Aka yi tafi, wannan karon na gaske. Kaji dai rabinsu ɗanye, duka kuma sun sha gishiri, gwaza kuwa tana can ƙasa tare da duwatsun Naitasiri. Aka aika aka sayo burodi da kifin gwangwani. Waisake ya zauna a gefen tabarma, a ɗosane saboda ƙuna, lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Tun da aka san shi, ranar ce aka ga bakinsa a rufe. Da ya saci kallon matarsa ya ga ta ƙura wa burodinta ido ba ta ci, sai kunya ta gaske ta kama shi. Ya san ba hularsa kaɗai ya binne a ramin nan ba, har da hutun da take jira shekara goma sha biyar.

Nemani kuwa ya matsa kusa da uwarsa yana gyara mata lema.

"Nana, kin dai gani da idonki. Ni ba zan ce komai ba."

"Gara kar ka ce," in ji Bubu Salanieta. "Kai ka san lokacin ruwa tun kana tsumma, ka zauna kana kaɗa jita abincin mutum talatin yana nutsewa. In na ba ka jirgi, ranar da ya huje waƙa za ka yi masa."

Murmushin Nemani ya tsinke. Tsohuwar ta juya ga 'yarta.

"Unaisi, wa ya koya miki tsayawa inda ruwa zai kawo kaya?"

"Baba."

"Na sani. Na gan shi a tsayuwarki." Ta gyara zama. "Jirgin naki ne. Ranar Laraba za a ɗoro shi."

Unaisi ta sa fuska a tafin hannu ta fashe da kuka. Waisake ya ɗago kai a hankali. Ya ji jini yana dawo masa, hancinsa ya fara buɗewa. Ya yi gyaran murya.

"Maman Sera, ki tambaya mini, wa zai riƙe inji?"

"Ki gaya masa," in ji Bubu, tana kallon teku, "wadda ta san ranar da ruwa ke dawowa."

"To... ki tambaya, shi maigidan fa?"

Tsohuwar ta dubi jarkar da ke hannunsa.

"Ki gaya masa na yi shekara saba'in da shida a bakin teku, ban taɓa ganin wanda ya yi awa guda yana kwarfarta da jarka bai gaji ba. Jirgin babanki yana ɗan yoyo ta tsakiya. Ya riƙe jarkar nan da kyau, kar ya yar."

Dariyar da aka yi, sai da Satendra ya busa usur.

Yanzu in ka je bakin kasuwar Suva da hantsi za ka ga jirgin yana shigowa da kifi, Unaisi a baya riƙe da inji, Waisake a tsakiya cikin rigar iyo har biyu, da farar hula a kansa da jarka a hannunsa. Duk wanda ya tambaye shi matsayinsa, sai ya buɗa ƙafafu ya ce shi ne mataimakin kyaftin, mutum na biyu a jirgin gaba ɗaya. Kuma ba ƙarya ya yi ba, su biyu ne a ciki.